Idon Zakara a Makon Yaye

Ni ban taɓa ganin garin da aka haifi mahaifiyata ba, don ruwan Tiga ya shanye shi tun ba a haife ni ba. Duk abin da na sani game da shi daga bakin Inna na ji: rijiyar bakin kasuwa, tsamiyar ƙofar gidansu, da wata ciyawa mai yaɗo da ta lulluɓe dangar bayan ɗakin kakata. Idon zakara ake ce mata. Inna ta ce ganyenta zaƙi gare shi, har ana ba mai tari ya tauna. Furenta ƙanana ne masu ruwan hoda, in kwasfar ta bushe ta tsage sai ka ga jajayen ƙwayoyi masu ɗigon baƙi sun leƙo.

Bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta dawo gidana da zama, a wani gari kusa da Burumburum inda nake koyarwa a firamare. Ta tarar da tsakar gidana cike da tsofaffin bokitai da gwangwanaye, kowanne da abin da na shuka a ciki, don ni dai Allah ya jarabce ni da son furanni. Duk sanda ta ga ina ba su ruwa sai ta ce, "Duk wannan wahala da kike yi, da idon zakara kika samo min da na ce kin yi aiki."

Ƙanwata ce ta samo. Tana aure a wani ƙauye a gindin duwatsun Doguwa, inda ciyawar ke fitowa da kanta a bakin rafi. Karon farko ta aiko min da ƙwayoyin a kwalin ashana. Na shuka su a gindin katanga, na yi sati shida ina ba su ruwa safe da yamma, ko ɗaya bai tsira ba. Da na gaji na tone wurin, sai ga su nan yadda na binne su, jajaye, suna sheƙi, kamar ruwa bai taɓa su ba. Haka ma irin gwangwama ya yi min, wato furen nan mai faɗin ganye kamar na ayaba, wanda 'ya'yansa baƙaƙe ne masu tauri kamar tsakuwa.

Akwai wani malamin gona da ɗansa ke ajina. Ran da ya zo makaranta na tare shi da tambayar gwangwama. Ya yi dariya ya ce ɓawon ne ya yi tauri, ruwa ba ya ratsa shi. Ya ce in goga kowace ƙwaya a kan dutsen wasa wuƙa har sai na ga fari ya ɗan leƙo, sannan in jiƙa su a ruwan ɗumi su kwana. Gwangwama kaɗai na tambaye shi. Ban ambaci idon zakara ba, don a ganina duk mai taurin ɓawo hanyarsu ɗaya.

Ana gab da faɗuwar damina, zafi ya kai inda ya kai, ƙanwata ta kawo min 'yarta yaye. Shekara tara ta yi a ɗakin miji kafin ta same ta, bayan ɓari biyu, kuma har a lokacin ita kaɗai ke gare ta. Yarinyar na da shekara ɗaya da wata goma, 'yar ƙiba da ita, ga gudu. Ƙanwata ta kwana ɗaya, washegari ta jira yarinyar ta yi barcin rana sannan ta ɗauki mayafinta. A zaure ta ciro wani ƙullin leda ta ba ni.

"Ga irin Inna, Yaya. Wannan karon na zaɓo manya, guda talatin ne."

Ta kai bakin ƙofa ta dawo, ta sake leƙa ɗakin da yarinyar ke kwance. Na ce mata ta tafi, ai ni na goyi huɗu, ba wanda ya ƙwarzane a hannuna. Haka na faɗa mata da bakina.

Kwana uku yarinyar na kuka. Ba ta yarda da kowa sai Inna, a bayanta take yini. Kunu sai an yi ta lallashi take karɓar cokali biyu. Ran Asabar da hantsi, yarana sun tafi islamiyya, maigida ya tafi fadama wajen albasarsa, na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa na ɗauko dutsen wasa wuƙa. Na fara da gwangwama, na goge su na zuba a kwanon ruwan ɗumi na ɗora a kan katanga. Sannan na kwance ƙullin idon zakara. Ƙanana ne, santsi gare su, suna ta zillewa daga yatsuna. Na goge sha biyu, kowace da ɗan farin tabo a gefenta, na zuba a murfin kwano. Sauran sha takwas na bar su a wani murfin ban taɓa ba, da nufin in shuka su a jere biyu, in ga bambanci, in kuma nuna wa 'yan ajina.

Inna ta sauke yarinyar daga baya za ta kewaya. A daidai nan na ji kunun gyaɗa na ƙauri a madafa. Na tashi da gudu na sauke tukunyar, na juya shi, na rage wuta. Ban fi tsawon karanta Fatiha uku ba.

Da na fito, abin da na fara lura da shi shiru ne. Kwana uku gidan bai yi shiru haka ba. Yarinyar na zaune a tsakiyar tabarma, murafen biyu a kife, jajayen ƙwayoyi sun watsu ko'ina, bakinta yana motsi. Na sa yatsa na zaƙulo guda ɗaya, jiƙe da yawu. Wallahi har dariya na yi, na ce mata ashe abin da ke sa ta shiru ke nan.

Inna ta fito tana goge hannu a zani. Na faɗa mata. Ta ce, "Ba komai. Mu da muna yara nawa muka haɗiye? Gobe za ki gan shi a fo."

Ina cikin tsince su sai ga sallamar Bafulatanar da ke kawo mana nono duk Asabar daga rugarsu. Dattijuwa ce, mun shekara muna ciniki. Ta sauke ƙwaryarta, muka gaisa, idonta ya faɗa kan abin da ke hannuna.

"Malama, me za ki yi da wannan?"

Na ce shukawa zan yi, ga shi ma 'yar yayen nan ta fara ɗanɗana mana.

"Ta haɗiye?"

"Wataƙila ɗaya ko biyu."

"In dai da ɓawonsa ne, jam, ba komai. Yadda ya shiga haka zai fita. Amma in an fasa shi, ko nagge ba ta kai kwana uku. Da idona na gani. Saniya guda, hanjinta ya zama jini."

Ta miƙo hannu ta ɗauki ɗaya daga tafina, ta juya ta da farce. Farin tabon ya fuskance ta. Ta ɗago ta dube ni.

"Wa ya goge wannan?"

Na durƙusa na fara ƙirga. Waɗanda ban goge ba, har da wadda na ciro daga bakinta, sha biyar. Saura uku. Waɗanda na goge, sha ɗaya. Na sake ƙirgawa. Sha ɗaya. Na kakkaɓe tabarma, na kwance zanina na girgiza, na tuɓe wa yarinyar riga, na buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana tsala ihu. Bafulatanar ma ta durƙusa tana shafa ƙasa da tafin hannu. Na ƙirga a karo na uku da ƙarfi, kamar ina gaban allo. Sha ɗaya.

Inna ta fito daga madafa da kwalbar manja da cokali. Ban hana ta ba, ni ce ma na riƙe kan yarinyar. Cokali ɗaya ya wuce, na biyu ta ƙware, ta yi ta tari har idonta ya yi ja. Na kira maigida. Abin da na iya cewa kawai, "Malam, ka zo da babur, na kashe 'yar mutane."

Ya iso da taɓo har gwiwa. Bai tambaye ni komai ba sai da muka hau hanya. Na ƙulle ƙwayoyin a bakin mayafina, na rungume yarinyar a tsakaninmu. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba zuwa babban asibitin da ya fi kusa da mu, amma ni ban taɓa yin doguwar tafiya irinta ba. Kuka da jijjigar babur suka sa ta fara gyangyaɗi. Duk sanda kanta ya langaɓe a ƙirjina sai in mintsine ta a cinya don in ji ta yi ihu. Daga baya na ga shatin farcena a jikinta, wuri biyar.

Likitan da muka tarar saurayi ne, bai kai ƙanena na uku ba. Na kwance bakin mayafi na zube masa su a kan tebur. Ya ɗauki ɗaya da auduga, ya saurari bayanina, ya duba wani abu a wayarsa, ya fita ya dawo da wani likitan da ya girme shi. Ina kallon fuskokinsu. Babban ne ya yi magana.

"Malama, wadda kika goge, gogewar ta yi zurfi?"

"Sai da na ga fari."

"Kin ga sanda ta haɗiye ta?"

"Ban gani ba."

"To zan faɗa miki gaskiya. Wannan dafin ba shi da makari. Za mu ba ta garin gawayi na asibiti ya riƙe abin da zai iya riƙewa, mu sa mata ƙarin ruwa, mu zuba ido. Kuma in ya shiga jikinta, ba lallai ya nuna yau ba. Gobe, ko jibi, wani lokaci har gata. In kin ga amai ko gudawa, musamman da jini, ki kira mu nan take. Manjan nan kuma kar a ƙara."

Na ce, "Likita, ga ta nan fa lafiyarta ƙalau, har tana harbin ƙafa."

Ya ce, "Haka muke fata ta ci gaba."

Mutum uku suka riƙe ta kafin a samu jijiya. Gawayin ya ɓata mata baki da haɓa da wuyan riga, ta zama kamar wadda ta faɗa murhu. Tana ta kiran Umma, Umma, har muryarta ta dushe. Aka ba mu gado a ɗakin yara, kusa da taga.

Maigida ya ce a kira uwarta. Na ce a bari tukuna, ƙila zuwa yamma a ga haske. Ya dube ni, ya koma gida don ya sake neman ƙwayar. Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce. A ƙauyensu sai an hau kan wani dutse ake samun layi, na san ta yi tattaki ne ta hau don ta ji muryata. Na fita baranda na ɗauka.

"Yaya, ya kuke? Ya Inna? Ta rage kukan kuwa?"

"Ta rage."

"Ta ci abinci?"

"Ta ci."

"Alhamdu lillahi. Ni kam nono ya cika min, ko hannu ba na iya ɗagawa. Ba ni ita in ji ko numfashinta ne."

Na ce tana barci. Layin ya yanke. Na tsaya riƙe da ƙarfen baranda. A raina ina ta cewa, in Allah ya karɓi yarinyar nan, da wane baki zan ce mata sanda kika kira tana kwance da allura a hannu?

Ban runtsa ba. Gari na wayewa na kira mijin ƙanwata, na yi sa'a ya shigo cikin garin Doguwa cin kasuwa. Na faɗa masa komai a tsaye, ban rage ba. Ya yi salati, ya ce ga su nan zuwa.

Da hantsin ranar Lahadin ta yi amai. Baƙi ne, da ɗan ja-ja a ciki. Na ƙwalla ƙara har matan da ke sauran gadajen suka miƙe. Wata nas ta zo da gudu, ta duba, ta shafa a auduga ta ɗaga wa haske. Ta ce manja ne da gawayi. Jim kaɗan sai gudawa. Na ce shi ke nan, ta fara. Nas ɗin, wata dattijuwa mai taushin murya, ta dafa kafaɗata ta ce, "Baiwar Allah, yaron da aka yaye yana gudawa, wanda aka ɗura wa manja yana gudawa, wanda ya sha gawayin nan ma haka. Jini muke tsoro, kuma babu jini." Ta kawo min safar hannu da ɗan tsinke, ta ce duk abin da ya fito in tona in duba.

Haka na koma bayan ɗakin yara, gindin famfo, da fo a gabana. Ni da ko kashin 'ya'yana nake wankewa ina kau da kai, ga ni ina tona wannan da tsinke kamar mai neman zinariya. A karo na biyu na ga ja. Na ɗauko ta, na wanke a famfo, na juya ta a yatsuna a hankali, ina neman farin tabo. Ban san me nake roƙo ba. In ita ce, to ta fito, amma ta kwana a cikinta a buɗe. In ba ita ba ce, tana ciki har yanzu, ko kuwa ba ta taɓa shiga ba. Babu tabo. Lafiyayya ce, tana sheƙi. Kafin azahar biyu suka ƙara fitowa, su ma ba tabo. Uku sun cika. Saura ɗayar.

Maigida ya kira daga gida. Ya ce ya share tsakar gida kaf, ya tankaɗe ƙasar da rariya, ya ɗaga kowane bokiti da kowane gwangwani, ya tone magudanar ruwa. Bai gani ba. Ya ce Inna na cewa wataƙila kaza ce ta tsince, don kajina suna wurin sanda muka fita. Ta kulle su a akurki tana gadinsu. Kaji bakwai gare ni, ina ji da su, amma a ranar na ɗaga hannu na roƙi Allah ya sa in ji an ce ɗaya ta mutu. Duk kiran da ya yi bayan nan, kafin in tambayi yarana sai in tambayi kaji. Ko ɗaya ba ta yi ko gyangyaɗi ba.

Ana kiran sallar azahar ƙanwata ta shigo. Ƙurar hanya ta rufe mata gira, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf da nono. Ba ta yi sallama ba, ba ta dube ni ba. Yarinyar na ganinta ta yunƙura har ta kusa fizge allurar. Ƙanwata ta hau gadon, ta ɗaga riga ta ba ta. Wata tsohuwa da ke jinyar jikanta a gadon kusa ta ce, "'Yar nan, ai in an yaye ba a mayarwa, nonon ya lalace." Ko juyowa ba ta yi ba. Da likita ya zo zagaye aka faɗa masa, ya ce a bar ta ta sha, a yanzu ba abin da ya fi mata shi.

Na koma ƙarshen gadon na tsuguna. Sai da yarinyar ta yi barci da nono a baki sannan ƙanwata ta yi magana, idonta na kan 'yarta.

"Jiya da na kira, kina ina?"

"Ina nan."

"Nan asibitin."

"E."

"Kika ce min ta ci abinci."

Tun tana ƙarama ni nake mata faɗa, ni na yi mata kitso, ni na raka ta ɗakin miji. Ran nan na kasa haɗa ido da ita. Na miƙa mata ruwa ta karɓa, na kawo abinci ta ce ta ƙoshi. Fo kuwa ba ta hana ni ɗauka ba, ni ma ban bari kowa ya taɓa ba.

Litinin ita ce ranar da na fi tsoro, don kwana ukun da Bafulatanar ta faɗa suna ta yi min amsa-kuwwa a kunne. Da safe yarinyar ta tashi garau, har ta yi wasa da murfin kwalba. Na fara jin numfashina na dawowa. Wajen la'asar ƙanwata ta taɓa goshinta ta ce, "Yaya, taɓa ki ji." Karon farko ke nan da ta kira ni Yaya tun zuwanta. Na taɓa. Zafi rau. Kafin a jima jikin ya gashe, ta saki nono, idanunta suka yi rabi-rabi, ta daina ko kuka.

Na fita kiran nas. A tsakiyar baranda na zube a kan siminti. Da rarrafe na ƙarasa ƙofar ofishinsu. Suka zo suka ɗebi jini, suka ƙara ruwa, suka ce mu jira sakamako. Mijin ƙanwata na tsaye a bakin taga daga waje, yana jan carbi. Ni da ita muna zaune gefe da gefe a bakin gado, kowa riƙe da ƙafar yarinyar ɗaya. Ban san sanda ta kama hannuna ba. Ta matse shi har zobena ya shige min nama, ban janye ba. A cikin zuciyata na riga na ga komai: likkafani ɗan ƙarami, tabarmin zaman makoki, matan ƙauyensu suna nuna ni da baki, da Inna da za ta ƙarasa kwanakinta tana cewa ita ta nemi irin.

Ana shirin magariba ƙaramin likitan ya shigo da takarda a hannu. Ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya kuma yi yawa a jininta, da alama ta zo da shi tun daga gida. Hanta da ƙoda lafiya lau, ba alamar dafi. Ƙanwata ta ce, "Zazzaɓi ne kawai?" Ya ce zazzaɓi ne. Muka haɗa baki muka ce alhamdu lillahi, muna kuka. Tsohuwar gadon kusa, wadda zazzaɓin ne ya kwantar da jikanta, ta bi mu da kallo kamar mun zautu.

Sai ran Alhamis suka sallame mu. Har ranar ina tona fo, ban ga ƙwayar ba. Na tambayi babban likitan ina ta shiga. Ya ce ko dai ba ta taɓa shiga cikinta ba, ko gogewar ba ta kai ciki sosai ba ta wuce ban lura ba. Ya ce shi ma bai sani ba, kuma in daina shuka wannan abu a gidan da yara ke rarrafe.

Na ɗauka za su biyo ta gida su kwana, Inna ta ga yarinyar. Ƙanwata ta ce a'a, daga nan tasha za su wuce. Na raka su. Mijinta ya shiga gaba, ita ta zauna a bakin taga da yarinyar a cinya. Direba na ɗaure kaya a saman mota, na matsa kusa na ce, "Ki yafe min."

Ta gyara wa yarinyar hula, sannan ta amsa.

"Maganar iri ki bar ta, Yaya. Ni na tsinko shi da hannuna, ni na zaɓo manya, ni na kawo gidan da zan bar 'yata. Kwana huɗun nan abin da nake ta juyawa ke nan. Amma da ta mutu ran Asabar, ina can kan dutse ina murna ta ci abinci. Wannan ce ban san yadda zan yi da ita ba tukuna."

Motar ta tashi. Na tsaya har ta sha kwana.

A gida na tarar Inna ta rame kamar ita ta yi jinyar. Ta karɓi ƙullin ƙwayoyin daga hannuna, ta tafi da kanta ta jefa a masai, ta dawo ta wanke hannu da toka har sau uku. Ba ta sake ambaton dangar kakata ba. Kwanon gwangwama na nan a kan katanga inda na manta shi. Ruwan ya yi yauƙi, ƙwayoyin sun kumbura, kowace ta fito da ɗan farin tsiro ta inda na goge. Dabarar malamin gona ta yi aiki. Na kasa taɓa su, sai maigida ne ya kai bayan gida ya binne a gindin magudana.

Sati biyu bayan nan aka yi ruwan shuka. Tun daga ranar, kullum da safe kafin in tafi makaranta sai in zaga tsakar gida a sunkuye, daga zaure zuwa madafa, daga gindin rumfa zuwa bakin rijiya. Ina neman ɗan tsiro mai ƙananan ganye a jere biyu kamar na tsamiya. In ƙwayar a ƙasa ta faɗi, a goge take, dole ta fito, ni kuma in san cewa ba ta taɓa shiga cikin yarinyar ba. Tafasa ta fito, zaƙi-banza ya fito, har da tumatir guda biyu a inda muke wanke-wanke. Duk wanda na gani sai in tsuguna in buɗa ganyensa da yatsa. Na yi haka har gero ya yi kai. Wata safiya Inna na zaune a bakin ƙofarta tana shan koko, ta ce in miƙe haka nan, an buga ƙararrawar makaranta tun ɗazu.